ERJE, MAI ZANEN DA TSOFAFFIN LITTATTAFANSA SUKA ZAMA DUKIYA

A unguwar Rikkos ta birnin Jos, kamar dai sauran unguwanninmu, kowa ya san makomar tsohon littafin yara. In ya tsira daga hannun mai ƙosai da mai gyaɗa, to, gara ko ɓera za su ƙarasa shi a ƙarƙashin gado. Amma ran 14 ga watan Janairu, 2021, aka yi gwanjon wata takarda guda ɗaya tak a birnin Faris, mai ɗauke da zanen wani yaro da karensa sun leƙo daga cikin tulu, har ga alamar ninki a jikinta, aka saye ta a kan kuɗi Yuro miliyan 3 da kusan dubu 200. Wanda ya yi wannan zane a 1936 shi ne mutumin da za mu kawo tarihinsa a yau, watau mai labarun nan na Tintin.

ASALINSA

Sunansa na yanka Jorj Remi. An haife shi ran 22 ga watan Mayu, 1907, a unguwar Etterbeek ta birnin Burasal, hedkwatar ƙasar Beljiyam. Mahaifinsa ma'aikaci ne a wani kamfanin tufafin yara, gidansu kuwa ba na masu hali ba ne, ba kuma na matalauta ba. Tun yana firamare, lokacin da sojan Jamus ke mamaye da ƙasarsu a Yaƙin Duniya na Farko, ya ɗauki halin cika gefen littattafansa da zane-zane. Da ya tasa sai ya shiga ƙungiyar Sikawut, a mujallarsu kuma aka fara buga zanensa. A 1924 ya juya haruffan farko na sunansa suka zama R.G., waɗanda Faransawa ke furtawa Erje, ana rubutawa Hergé. Sunan da ya bi shi ke nan har kabari.

Ya gama makaranta a 1925, ya sami aikin akawu a wata jaridar 'yan Katolika mai suna Le Vingtième Siècle. Shugaban jaridar, Fada Norbert Wallez, shi ne ya lura da baiwar saurayin, sa'an nan a 1928 ya danƙa masa shafukan yara da ke fita kowace Alhamis. A nan ne Tintin ya fara bayyana ran 10 ga watan Janairu, 1929: ɗan jarida matashi mai tukku a goshi, tare da farin karensa Milou, an aike su Tarayyar Sobiyat.

Da labarin ya ƙare a 1930 sai aka haɗa shi littafi, aka buga kwafe 10,000, na farko guda 500 kuma aka sa musu lamba. Daga bisani Erje ya riƙa jin kunyar wannan aiki, yana ganinsa ɗanyen zane ne da farfaganda, saboda haka ya daɗe bai yarda an sake buga shi ba. Ashe ƙin da ya yi shi ne ya ɗaga darajar littafin. Da masu nema suka yi yawa, littafi kuwa babu, sai 'yan damfara suka shiga buga na jabu suna sayarwa da tsada, har ala tilas aka fito da shi a 1973, aka kuma sake buga shi daidai da kamanninsa na asali a 1981.

TABON KWANGO

Littafi na biyu shi ne wanda ya fi shafar mu 'yan Afirka. A 1930 Fada Wallez ya sa shi ya kai Tintin ƙasar Kwango, wadda a lokacin Beljiyam ke yi wa mulkin mallaka. Erje bai taɓa taka Afirka ba. Abin da ya ji a bakin mutanen garinsu shi ya zana: baƙar fata masu kaurin leɓe, malalata, masu hankalin yara, suna jiran Bature ya nuna musu hanya. Shi kansa daga baya ya amsa cewa son zuciyar zamaninsa ne ya shiga aikin.

An yi ta yi wa littafin kwaskwarima. A bugun farko Tintin na koya wa yaran Kwango cewa Beljiyam ce ƙasarsu. A bugun 1946 mai launi sai darasin ya koma na lissafi. A 1975 masu buga shi a ƙasashen arewacin Turai suka ƙi wani shafi inda Tintin ya tarwatsa karkanda da nakiya, dole Erje ya sake zana shi. Bai fito da Turanci ba sai 1991, bayan mutuwar mai shi. A 2007 wani ɗan Kwango ya kai ƙara a Burasal yana neman a hana sayar da shi, amma a 2012 kotu ta ƙi. Tabon dai yana nan, kuma duk mai son Erje bai isa ya kankare shi ba.

Wanda ya buɗe masa ido wani ɗalibi ne ɗan ƙasar Sin, Zhang Chongren, wanda suka haɗu da shi a 1934 yana shirin kai Tintin birnin Shanghai. Zhang ya koya masa tarihin ƙasarsu da salon zanensu, ya nuna masa irin ƙaryar da Turawa ke yi wa Sinawa, da irin ɓarnar da sojan Japan ke yi a can. Daga wannan lokaci Erje bai ƙara zana wata ƙasa ba sai ya yi bincike, ya tara hotuna da takardu. Zanen nan da aka saya a 2021 na bangon wannan littafi ne, wanda kamfanin Casterman ya ƙi amfani da shi don buga launukansa zai yi tsada.

ZAMANIN YAƘI

A watan Mayu, 1940, Jamus ta sake mamaye Beljiyam, jaridarsu ta rufe. Erje ya koma jaridar Le Soir, wadda ke ƙarƙashin ikon Jamusawa, ya ci gaba da zane. Ƙarancin takarda ya sa daga 1942 aka rage kowane littafi zuwa shafi 62, aka kuma mai da su masu launi. Wannan ne ya sa tsofaffin nan na baƙi da fari, masu shafi fiye da ɗari, suka zama abin nema wurjanjan.

Da aka kori Jamusawa a watan Satumba, 1944, sai aka kama shi har sau huɗu bisa zargin haɗa kai da abokan gaba, aka hana shi aikin jarida, ko da yake ba a gurfanar da shi gaban shari'a ba. Wani tsohon ɗan gwagwarmaya, Raymond Leblanc, shi ya wanke shi, suka kafa mujallar Tintin a watan Satumba, 1946. A 1950 ya buɗe ma'aikatarsa ta zane, a 1954 kuma ya fito da littafin da ya sauke Tintin a kan wata, shekara 15 kafin Amurkawa su taka shi.

TINTIN A BAKIN WASU

Abin da ya fi jan hankalin masu tara littattafai shi ne yadda Tintin ke sauya kama in ya ƙetare iyaka. Fotugal ce ta fara fassara shi a 1936, cikin mujallar yara O Papagaio, kuma a can aka fara ganinsa da launi tun kafin ƙasarsu. Suka raɗa masa suna Tim-Tim, labarin Kwango kuwa suka mai da shi Angola, ƙasar da su ke mulka. A Holan sunansa Kuifje, a Jamus Tim, a Alkahira kuma kamfanin Darul Ma'arif ya buga shi da Larabci.

Da Turanci, kamfanin Methuen na Landan ya fara buga shi a 1958. Su ne suka aiko masa da jerin kurakurai 131 da suka gano a labarinsa da ya faru a Ingila da Sikotlan, har ya tura mataimakinsa Bob de Moor ya je ya gano wa idonsa, aka sake zana littafin ɗungurungum ya fito a 1966. Don haka labari guda yana da kama uku: ta 1938, da ta 1943, da ta 1966. A Amurka kuwa kamfanin Golden Press ya buga littattafai shida a 1959 da 1960, bayan ya sa an cire wasu baƙar fata daga cikin hotunan, an kuma ɓoye inda matuƙin jirgin ruwa Haddock ke kafa kai a kwalba. Kasuwa ba ta karɓe su ba, aka daina. Faɗuwar nan tasu ita ce ta sa suka yi ƙaranci, masu tarawa suka shiga farautarsu.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Shahara ba ta ba shi kwanciyar rai ba. Ya sha fama da baƙin ciki da gajiya, har yakan gudu ya bar aiki na watanni. Aurensa da Germaine Kieckens, wanda aka ɗaura a 1932, ya mutu, ya auri Fanny Vlamynck a 1977. Bai sami haihuwa ba. Cikin wannan damuwa ya zana labarin Tibet, wanda ya fito a matsayin littafi a 1960, inda Tintin ya ratsa duwatsun ƙanƙara neman abokinsa ɗan Sin da kowa ya fid da rai da shi. Shi ma Erje ya yi ta cigiyar Zhang, har suka sake ganawa a Burasal a 1981, bayan rabuwar shekara 46.

Ciwon jini ya kwantar da shi, ya mutu ran 3 ga watan Maris, 1983, yana da shekara 75. Ya bar littattafan Tintin 23 kammalallu, na 24 kuma aka buga shi a 1986 yadda ya bar shi, domin ya nuna ba ya son wani ya ci gaba da labarin a bayansa. An fassara su cikin harsuna fiye da 70, an sayar da kwafe sama da miliyan 200. A 2009 aka buɗe gidan tarihi da sunansa a garin Louvain-la-Neuve.

ABIN LURA GA MAI KARATU

To, kada mai karatu ya ji an ambaci miliyoyi ya ce ya tsinci dami a kala. Manyan kuɗin nan na zanen da Erje ya yi da hannunsa ne, wanda ba shi da na biyu a duniya. Littafin da aka buga miliyoyinsa kuwa, kuɗinsa bai wuce na kowane tsohon littafi ba. Abubuwa huɗu ke sa bugu ya yi daraja: ya zama na farko, ya zama kaɗan aka buga ko kaɗan suka rage, ya zama da wani bambanci da sauran, kana ya zama lafiya lau, ba yagewa, ba rubutu, ba tabon mai. Masana kan duba jerin sunayen littattafai da ke bangon baya don gane shekarar bugu, gama in jerin ya ƙunshi littafin da ya fito daga baya, to, ba bugun farko ba ne.

Har ila yau, jarin takarda jari ne mai hatsari. Ba ya haihuwa kamar saniya, masu sayensa da tsada suna can Faris da Burasal, ga 'yan jabu, ga laima, ga gara, ga wuta. Mutanen Jos da suka ga yadda gobara ta cinye babbar kasuwar Taminus a watan Fabrairu, 2002, ba sa bukatar dogon bayani. Wanda zai tara, ya tara don sha'awa da tarihi. Riba in ta zo, ta zo.

Duk da haka, Jos ba garin da za a yi garajen zubar da tsohuwar takarda ba ne. Gari ne da ya daɗe yana saukar baƙi, daga Turawan kuza zuwa 'yan mishan da Kwarori da 'yan kasuwa daga ƙasashen Faransanci, kuma baƙo in zai tashi yakan bar littafi a baya. Mu ma muna da namu: mujallar African Film mai labarin Lance Spearman da samari suka yi rububinta a ƙarshen shekarun 1960, da ƙananan littattafan da hukumar NORLA ta buga a Zariya a shekarun 1950, da tsofaffin kwafe na Gaskiya Ta Fi Kwabo. An buga su a takarda mai araha, an karanta an yar, shi ya sa suke wuyar samu.

A tuna da kan gunkin yumɓun nan na Nok da aka tono wajen haƙar kuza kusa da Jama'a a shekarun 1940. Wanda ya same shi kafa shi ya yi a gonar doya don korar tsuntsaye, sai da ya isa hannun Bernard Fagg, wanda ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, kana duniya ta san darajarsa. Saboda haka kafin a miƙa wa mai ƙosai akwatin tsofaffin littattafan baba, a zauna a duba shekarar bugu da inda aka buga. In an ga na adanawa, a kakkaɓe shi, a nisanta shi da rana da danshi, kada kuma a liƙe shi da salatif.