Sarkin Kano Ibrahim Dabo da Gidansa na Fanisau

'Yan'uwa mazauna Kurmi, duk wanda ya taɓa yin Salla a Kano ya san Hawan Fanisau. To, yau ga tarihin mai gidan da ake zuwa ɗin.

Malam Ibrahim Dabo Basulluɓe ne, malami, yana kuma cikin waɗanda suka yi jihadi a ƙasar Kano. Da Sarki Sulaimanu ya rasu cikin 1819, sai Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya naɗa shi. Hawansa ke da wuya ƙasa ta ɗauki tawaye. Ya bi garuruwan ɗaya bayan ɗaya yana cinsu da yaƙi, har aka yi masa laƙabi da Ci-gari.

Wanda ya fi ba shi wuya shi ne Ɗantunku, wanda ya kafa Kazaure. Don ya tare shi ne Dabo ya mai da Fanisau, arewa da birni, ta zama ribaɗi. Aka kewaye ta da ganuwa, aka gina masa gida da masallaci. Ginin ƙasa ne irin namu: a ɗora tubali, a yaɓe, a jera azara a rufe soro. Kaurin bango shi ke hana zafi shiga. A nan ne Baturen Ingila Kilafatan ya iske shi cikin 1824.

Amma gidan ba na yaƙi kaɗai ba ne. Gandayen sarki ne kewaye da shi, bayi kuwa su ke noma su, hatsin da aka samu shi ke ci da fada da mayaƙa da dawakinsu. Manyan bayin sarki, irin su Shamaki da Ɗanrimi, su ke kula da irin waɗannan gandaye. A wannan zamani ne kuma masu gonakin auduga na kudancin Amurka suke ta da gidaje masu dogayen ginshiƙai da gumin bayi, kafin yaƙin basasarsu na 1861. Can an yi dokar hana bauta cikin 1865, Arewa kuwa sai 1936.

Dabo ya rasu cikin 1846, bayan shekara 27 yana sarauta. 'Ya'yansa uku, Usman da Abdullahi da Bello, sun gaje shi bi da bi, har yau kuwa sarautar Kano ba ta bar zuriyarsa ba.

Allah ya jiƙan Dabo, ya jiƙan bayin da suka kwaɓa ƙasar ginin, waɗanda tarihi bai riƙe sunayensu ba.