Santiago Ramon Kahal: Yaron da Aka Kai Koyon Ɗinkin Takalma, Ya Gano Yadda Jijiya Take



Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta a kasuwar Wudil ranar Juma'a, ya ga an sare gadon bayan rago, to ya ga wani farin abu mai laushi kwance a cikin ramin ƙashin. Wannan ita ce laka. Mu ma muna da irinta, kuma daga jikinta ne jijiyoyi 31 suke fita ta dama, 31 ta hagu: 8 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a kwankwaso, 5 a ƙashin ƙugu, sai 1 a can ƙarshe. Kowace jijiya tana da saiwa biyu. Ta baya tana shigo da labari daga fata, ta gaba tana fita da umarni zuwa ga tsoka. Shi ya sa idan mutum ya taka ƙaya, ƙafarsa take ɗagewa tun kafin ya ce wayyo. Likitocin Turai sun san wannan tun wajen 1822. Abin da ya gagare su shi ne sanin da me aka yi ita kanta jijiyar. Mutumin da ya warware wannan shi ne baƙonmu na yau, Santiago Ramón y Cajal, wanda ake kiran sunansa Kahal.

An haife shi ranar 1 ga Mayu, 1852, a wani ɗan ƙauye mai suna Petilla a arewacin Sifaniya. Mahaifinsa, Justo Ramon, likitan karkara ne da ya tashi cikin talauci, ya fara da yi wa wanzami yaranta kafin ya kai ga karatun likita. Don haka ba ya wasa da maganar karatu. Shi kuwa Kahal ba abin da yake so kamar zane. Bango, ƙofa, gefen littafi, duk inda ya samu sai ya zana. Uban yana ganin wannan shiririta ce, ya hana shi, shi kuma ya riƙa yi a ɓoye.

Ga shi da ƙiriniya. Yana ɗan shekara 11 ya ƙera igwa da gungumen itace, ya ɗura mata albarushi, ya fasa ƙofar wani maƙwabci, har aka kulle shi na 'yan kwanaki. A makaranta kuwa hadda ba ta zama masa, ya sha bulala, ya sha horon hana abinci. Da uban ya gaji, sai ya kai shi wurin mai aski, daga baya kuma wurin mai ɗinkin takalma, ko wahala za ta sa ya nutsu. Ya kuwa iya ɗinkin sosai.

A 1868 al'amari ya juya. Uban ya zaunar da shi yana koya masa ƙasusuwan jikin mutum ɗaya bayan ɗaya. Abin da yaron ya kasa haddacewa daga littafi, da ya riƙe shi a hannu ya zana, sai ya zauna masa daram. A nan ne uban ya fara ganin amfanin abin da ya daɗe yana hanawa. Kahal ya shiga karatun likita a Zaragoza, ya gama a 1873. Aka ɗauke shi likitan soja, aka tura shi Kyuba a 1874, inda zazzaɓin cizon sauro ya kusa kashe shi. Ya dawo gida a 1875 duk ya rame. Da ɗan abin da ya tara na albashin soja ne ya sayi madubin ƙara girman ƙananan abubuwa, irin wanda muke leƙawa a ɗakin gwaji, a 1877. Ya auri Silveria Fañanás a 1879, suka haifi 'ya'ya bakwai. Ya zama farfesa a Valencia a 1883, ya koma Barcelona a 1887, sannan Madrid a 1892. Garuruwan nan da muka fi sani da ƙwallo, a cikinsu ya yi aikinsa, yawanci a ɗan ɗakin gwajin da ya haɗa a gidansa.

A zamanin, an riga an yarda cewa jiki an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace da iyakarta. Amma idan aka yanko ƙwaƙwalwa ko laka aka duba, sai a ga zarurruka a cukurkuɗe. Manyan masana suka ce ai jijiya daban take, a haɗe take gaba ɗaya kamar tarun masunta, babu inda ta yanke. Cikin masu wannan ra'ayi har da Camillo Golgi, wani likitan Italiya, wanda a 1873 ya gano wani rini da ake haɗawa da ruwan azurfa. Abin mamakin rinin shi ne ba ya kama kowace ƙwaya. 'Yan kaɗan yake zaɓa, ya mai da su baƙi ƙirin tun daga kai har ƙafa, ya bar sauran, sai a ga kowace ta fito fili.

A 1887 wani likita a Madrid, Luis Simarro, ya nuna wa Kahal wannan rini. Kahal ya gyara yadda ake haɗa shi, sannan ya yi wata dabara. Jijiyar babbar dabba a rufe take da wani farin kitse, kamar yadda roba ke rufe wayar lantarki, kuma rinin ba ya ratsa shi da kyau. Sai ya koma duba 'yan tsaki tun suna cikin ƙwai, da jariran dabbobi, waɗanda kitsen bai rufe jijiyarsu ba, zarurrukan kuma ba su yi yawa ba tukuna. Ya yanka, ya duba, ya zana, dare da rana.

Ga abin da ya gani. Kowace ƙwayar jijiya tana da jiki, da gajerun rassa masu karɓar saƙo, da dogon zare guda mai kai saƙo gaba. Zaren yana zuwa ya tsaya dab da ƙwaya ta gaba, amma ba ya narkewa cikinta. Ashe ba taru ba ne. Ya fi kama da leburori a wurin gini, sun jeru, wannan yana miƙa wa wannan bulo. A 1890, cikin lakar ɗan tsako, ya ga kan zaren yana tsirowa daga jikin ƙwayar yana laluben hanyarsa. Ya kuma sa kibiyoyi a zanensa don nuna cewa saƙo hanya ɗaya yake bi. Yau mun san akwai zaren da yake tashi daga laka a kwankwaso har yatsan ƙafa, kusan mita guda, duk na ƙwaya ɗaya.

Ganowa daban, a yarda da kai daban. Masana ba sa karanta Sifaniyanci, ba sa kuma tsammanin wani abu daga Sifaniya. Ya buga mujalla da kuɗin aljihunsa a 1888, ya aika musu, shiru. A 1889 ya kwashi ajiyarsa ya tafi taron masana a Berlin, ɗauke da madubinsa. Ba ya jin Jamusanci, sai ɗan Faransanci. Ya jawo wani dattijon masani mai suna Albert von Kölliker, ya sa shi ya leƙa da idonsa. Dattijon ya gamsu, har ya koyi Sifaniyanci yana da shekara fiye da 70 don ya karanta rubutunsa.

A 1906 aka raba wa Kahal da Golgi kyautar Nobel. Golgi ya tashi a wurin taron ya soki ra'ayin abokin rabonsa, bai kuma sauya ba har ya mutu. Kahal ya rasu a Madrid ranar 17 ga Oktoba, 1934, ya bar zane kusan 3,000. Sai bayan shekara 20 da rasuwarsa aka sami madubi mai ƙarfin da ya nuna ɗan tsagin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Gaskiyarsa ta tabbata.

Me ya haɗa mu da wannan a Wudil? Shan inna, da farko. Ƙwayar cutar tana kashe ƙwayoyin jijiya na gaban laka ne, waɗanda zarensu ke kai umarni ga tsoka. Shi ya sa ƙafar take shanyewa alhali tana jin taɓi. A nan kusa da mu, a Sumaila, aka ga nau'in cutar da ake kira na daji karo na ƙarshe a Jihar Kano, a Yulin 2014. Na biyu, haɗarin hanya. Kahal ya yi shekaru yana nazarin jijiyar da ta tsinke, ya nuna cewa ta hannu ko ƙafa tana iya sake tsirowa a hankali, amma laka ba ta yi. Saboda haka idan haɗari ya auku a hanyar Kano zuwa Maiduguri, kada a ciccibi wanda ya bugu a wuya ko baya kamar buhu. A kwantar da shi a miƙe kan abu mai tauri, kai da wuya ba sa motsi.

Na uku kuwa namu ne. Da yawanmu idan aka shiga gwajin bayoloji, ko leƙa madubin ba ma yi, sai mu kwafi zanen littafi mu miƙa. Golgi da Kahal rini ɗaya suka yi aiki da shi, amma ɗaya ya ga abin da ya riga ya yarda da shi, ɗaya ya zana abin da ke gabansa. Madubi ɗaya Kahal ya fara da shi. Mako mai zuwa idan layi ya zo kanmu, mu leƙa da kyau, mu feƙe fensir, mu zana abin da idonmu ya gani. Malamanmu kuma, idan kun kama wani yana zane a bayan littafi, a duba zanen tukuna kafin a ɗauko bulala.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.