ALHASSAN ƊANTATA DA JIRGIN ƘASA MAI HAYAƘI

A wannan makon mun kawo muku tarihin wani bawan Allah wanda duk ɗan cikin birni ya san sunansa, wato Alhaji Alhassan Ɗantata. Da yawa daga cikinmu mun san shi a matsayin mai kuɗi kawai. Ba mu san cewa jirgin ƙasa yana da babban hannu a cikin arzikinsa ba.

An haifi Alhassan a garin Bebeji a shekarar 1877, a zuriyar Agalawa, waɗanda aka sani da fatauci. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu tun yana yaro, mahaifiyarsa kuma ta tafi Ankara ta ƙasar Gana. Wata tsohuwa mai suna Tata ce ta raine shi, shi ya sa ake ce masa Ɗantata. Ya yi karatun allo kamar yadda muke yi, kuma ya fara ƴan saye da sayarwa tun yana ƙarami.

Da ya girma sai ya shiga fataucin goro. A wancan zamani fatake da jakuna suke tafiya Gwanja a ƙafa, su yi watanni a hanya, ga 'yan fashi, ga ciwo. Goro kuwa ba ya son jira, in ya daɗe sai ya lalace. Alhassan ya fara ɗora goronsa a jirgin ruwa daga Gana zuwa Ikko, wato Legas. Amma daga Legas zuwa Kano har yanzu akwai nisa, fiye da kilomita 1,000.

Ana nan sai layin dogo ya iso Kano a shekarar 1911, a zamanin Sarki Abbas. An yi tashar a wajen ganuwa, ta gabas da birni. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Turawa sun sa ran auduga za su riƙa kwasa, amma manoman ƙasar Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, suka dage da nomanta.

Jirgin wancan lokaci ba irin na yanzu ba ne, da tururi yake tafiya. Duk wanda ya taɓa ganin murfin tukunya yana rawa idan ruwa ya tafasa, to ya ga sirrinsa. A kan jirgin akwai ƙatuwar tukunyar ƙarfe cike da ruwa, ga wuta tana ci. Mutum ɗaya yana zuba kwal da shebur, direba yana lura da hanya. Tururin ne yake tura sandunan ƙarfe, su kuma su juya ƙafafun. Daga baya kwal ɗin daga Inugu ake haƙo shi.

Irin wannan jirgi ba a tayar da shi da makulli. Sai ma'aikata sun hura wuta awanni kafin tashi. Idan ya dawo daga tafiya kuma, a shiga da shi rumfar gyara, a kwashe toka, a cika ruwa, a loda kwal, a shafa wa gaɓoɓinsa mai, lokaci lokaci a wanke cikin tukunyar. Idan kan jirgi ɗaya ya kwanta, taragai da yawa sun tsaya ke nan.

Alhassan ya gane abin da wannan ƙarfe ya zo da shi. Ya zauna a Kano, a unguwar Sarari. A shekarar 1918 kamfanin Neja na Turawa ya nemi ya riƙa saya masa gyaɗa. Ya baza yaransa ƙauyuka, yana ba su kuɗi bisa amana tun kafin kaka, su sayo, a ɗauro a jakuna da raƙuma zuwa bakin tasha. Gyaɗar ta fi ƙarfin jirgi ya kwashe a lokaci ɗaya, sai aka riƙa jera dubban buhuna ana jiran tarago. Wannan ita ce dalar gyaɗa da muke gani a hotuna.

A 1929, da aka buɗe banki a Kano, an ce raƙuma 20 ne suka ɗauki kuɗinsa na azurfa zuwa can. Ya rasu a watan Agusta na 1955, ana lissafa shi wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Aliko Ɗangote tattaɓa kunnensa ne ta wajen uwa.

Yau babu dalar gyaɗa, jirgi mai hayaƙi ma injin dizal ya maye gurbinsa. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, jirgin nan kowa ya zo wa, kowa ya ji kukansa. Amma yaron da ya tashi ba uba shi ne ya yi tunanin me zai ɗora masa, kuma ya riƙe amanar mutane. Mu ma akwai sababbin abubuwa da suka zo a zamaninmu, kamar waya da intanet. Me za mu ɗora musu?

Allah ya jiƙan Alhassan Ɗantata da ma'aikatan da suka sha hayaƙi da zafin wuta. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.