Waliyyi Yohanna Bosko, Uba da Malamin Matasa

Kowace shekara ran 31 ga Janairu Ikilisiya tana tunawa da Waliyyi Yohanna Bosko. A wannan lokaci na hunturu, idan rana ta yi sanyi, duk wanda ya bi ta Wara, ko Yelwa, ko Shanga, ko ƙauyukan bakin tafkin Kainji, zai tarar da yaranmu a fili suna buga ƙwallo cikin ƙura. Wasu ƙungiyoyin na coci ne, wasu kuwa na unguwa. Mun ga ya dace mu ba da tarihin wannan bawan Allah, domin shi ne ya mai da filin wasa wurin ceton yara, ya kuma bar mana ƙa'idar yadda babba zai riƙe amanar 'ya'yan mutane.

An haifi Yohanna ran 16 ga Agusta, 1815, a ƙauyen Bekki da ke arewacin Italiya. Iyayensa talakawa ne manoma. Bai cika shekara biyu ba mahaifinsa ya rasu, ya bar mahaifiyarsa Margarita da yara uku maza cikin shekarar yunwa. Yana da shekara tara ya yi wani mafarki wanda bai taɓa mantawa da shi ba. Ya ga kansa a tsakiyar yara masu faɗa da zage-zage, ya faɗa musu da duka domin ya tsawatar. Sai wani mutum mai kwarjini ya dakatar da shi, ya nuna masa cewa da tawali'u da ƙauna zai jawo su. Tun yana yaro ya koyi dabo da tafiya a kan igiya daga masu wasa a kasuwa. Ranar Lahadi yakan tara tsaransa ya yi musu wasa, ladansa kuwa shi ne su yi addu'a tare, su saurari wa'azin da ya haddace a Misa.

Da wahala ya yi karatu. Ya yi aikin gona a gidan wasu, ya koyi ɗinki da ƙira, ya yi hidima a gidan shan shayi, har Allah ya sa aka naɗa shi firist a birnin Turin ran 5 ga Yuni, 1841. A lokacin, yara daga ƙauyuka suna ta kwararowa birnin neman aikin gini da na masaƙu, ba su da uwa ba su da uba a kusa. Malaminsa, Waliyyi Yusufu Kafasso, ya shiga da shi gidajen kurkuku. A can ya ga samari 'yan shekara 12 zuwa 18 a kulle, ƙwarƙwata tana cin su, ba aikin yi, ba mai ziyara. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, da waɗannan yara sun sami aboki guda a waje mai kula da su, da yawancinsu ba su shigo nan ba.

Ran 8 ga Disamba, 1841, yana shirin yin Misa a cocin Waliyyi Faransis na Asisi, sai ya ga mai kula da kayan bagade yana korar wani yaro da duka, don bai iya hidimar Misa ba. Fada Bosko ya tsawata wa mutumin, ya sa aka kirawo yaron. Sunansa Bartalamawus Garelli, maraya ne mai aikin gini, shekararsa 16. Bayan Misa suka yi addu'ar Gaisuwar Maryamu tare, ya fara koya masa katikisma. Lahadi mai zuwa yaron ya dawo da abokansa. Mu lura da wannan: aikin da ya game duniya ya fara ne a ranar da wani firist ya shiga tsakanin sanda da yaro, alhali mai sandan ma'aikacin coci ne.

Yaran suka yi ta ƙaruwa har suka kai ɗaruruwa. Saboda hayaniyarsu aka yi ta korarsu daga wuri zuwa wuri, sai a 1846 ya sami wata rumfa da fili a unguwar Baldoko. A shekarar nan mahaifiyarsa ta bar ƙauye ta zo ta zama uwar marayun, tana dafa musu abinci tana ɗinke musu tufafi har rasuwarta a 1856. Idan ya samar wa yaro wurin koyon sana'a, yakan sa a rubuta yarjejeniya. Akwai wadda aka yi a 1852 da wani kafinta, tana nan a ajiye har yau. A cikinta maigidan ya yi alkawari zai koya wa yaron sana'ar sosai, zai yi masa gyara da baki kawai, zai ba shi hutun ranakun ibada, zai kuma riƙa ƙara masa lada. Maigidan ya sa hannu, yaron da mahaifinsa suka sa, Fada Bosko ma ya sa. Bayan haka yakan bi yaransa har wurin aiki ya ga yadda ake riƙonsu.

A 1859 ya kafa ƙungiyar firistoci da 'yan'uwa a ƙarƙashin sunan Waliyyi Faransis na Sales, a 1872 kuma shi da Waliyya Mariya Mazzarello suka kafa ta sistoci domin 'yan mata. A 1877 ya rubuta hanyar renonsa, wadda ta tsaya a kan duwatsun murhu uku: hankali, da addini, da ƙauna. Tushenta shi ne rigakafi. Manya za su kasance tare da yara a fili, a aji, a wurin cin abinci, suna wasa da su, ta yadda ɓarna ba za ta sami kafar shiga ba. Ya hana duka, da jan kunne, da kunyata yaro a gaban jama'a. Ya kuma gargaɗi mataimakansa kada su ware yaro guda su fifita shi, kada su shigar da yaro ɗakinsu. Ya san ƙaunar gaskiya ba ta gudun idon mutane. Ya rasu ran 31 ga Janairu, 1888. Paparoma Piyus na 11 ya sa shi cikin waliyyai ranar Ista ta 1934, a 1989 kuma Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya ba shi laƙabin uba da malamin matasa. 'Ya'yan ƙungiyarsa sun iso Nijeriya a 1982.

A zamaninsa ƙwallon ƙafa bai zama wasan yaran Italiya ba tukuna, tsere da tsalle suke yi. Amma darasinsa ya shafi filayenmu kai tsaye. Mun san haɗarin da ke zuwa da bindiga, ba mu manta da ɗaliban da aka sace a Birnin Yauri a watan Yuni na 2021 ba. Akwai wani haɗarin kuma mai zuwa da murmushi da kyautar takalmin ƙwallo. A Ingila, a 2016, tsofaffin 'yan wasa suka fito suka bayyana yadda masu horar da su suka lalata su suna yara, bayan sun yi shekaru suna shiru don tsoron a cire su daga ƙungiya. Mu ma a Ikilisiya mun ga irin wannan abin kunya a gidanmu, shi ya sa a 2019 marigayi Paparoma Faransis ya kafa doka da ta wajabta wa firistoci da sistoci su kai rahoto.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiyar ƙwallo da ke ƙarƙashin cocinmu ta bi sawun Fada Bosko. Iyaye su san mai horar da 'ya'yansu, su san gidansa da halinsa, su riƙa leƙa filin. Kada babba guda ya keɓe da yaro, kada kuma yaro ya kwana a ɗakin koci. A ajiye bulala. In za a je wasa wani gari, manya biyu aƙalla su raka yaran, in 'yan mata ne a haɗa da uwa daga Zumuntar Mata, a dawo kafin duhu. In tafiyar ta ruwa ce, a nemi rigunan kariya, a ƙi jirgin da ya cika, gama hatsarin da ya auku kusa da Wara a watan Mayu na 2021 ya ishe mu ishara. Wanda ya zo da alkawarin kai yaro Turai yana neman kuɗi, mu sani dokar FIFA ta hana ɗaukar ɗan wasa zuwa ƙungiyar wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai da wasu sharuɗɗa ƙalilan. Idan kuwa yaro ya kawo ƙara, mu saurare shi, mu raba shi da wanda ake zargi, mu sanar da Fada da hukuma. Rufa asirin mai cutar yaro cin amanar yaron ne.

Bari Allah, ta wurin roƙon Waliyyi Yohanna Bosko, ya ba mu idon lura da zuciyar uba, ya tsare mana yaranmu a gida, da makaranta, da fili. Amin.