Malam Aminu Kano: Malamin Maru da ya koya wa talaka tambayar inda harajinsa ya tafi

A ƙarshen shekarun 1940, wani matashi ɗan Kano yana koyarwa a Kwalejin Horon Malamai ta Maru, a ƙasar Zamfara. A wancan zamani jirgin ƙasa, wanda ya iso Ƙaura Namoda tun 1929, yana kwasar gyaɗa da auduga zuwa Kudu. Manomin da ya noma su kuwa bai san hukuma da komai ba sai haraji da jangali da aikin tilas. Ko damina ta yi albarka ko ta ƙi, mai karɓa zai zo. Wannan malami shi ne Aminu Kano.

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920, a gidan malamai da alƙalai. Bayan Kwalejin Kaduna ya fara koyarwa a Bauchi, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur, sannan ya tafi karatu Landan a 1946. A 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya shiga NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta na shekarar, ya zama shugabanta a 1953.

Babban aikinsa shi ne sauya yadda talaka ke kallon wahalarsa. A da, yunwa da tsada ƙaddara ce, maganinta haƙuri. Malam Aminu, da hujjar Alƙur'ani da koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kan adalcin shugabanni, ya nuna cewa wanda ya karɓi haraji ya ci bashin makaranta da asibiti da shari'ar gaskiya. Magoya bayansa sun sha bulala da ɗauri a hannun hukumomin En'e, amma tambayar ta riga ta shiga kasuwanni da ƙauyuka.

Ya ci zaɓen Majalisar Tarayya a 1959, ya kuma riƙe ma'aikatun sadarwa da lafiya a mulkin Janar Gowon. A farkon shekarun 1970 fari ya halaka dabbobi da amfanin gona a Arewa, daidai lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara cikin baitulmali. Ya zama da wuya a gamsar da makiyayin da shanunsa suka mutu cewa shi ne zai ciyar da gwamnati. Da jam'iyyarsa ta PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, bai bar wata dukiya ba sai gidansa na Gwammaja, wanda yau ake kira Mambayya.

Bayan shekara arba'in, an cire tallafin man fetur a Mayun 2023, farashin abinci ya tashi, matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa a Agustan 2024. A ƙauyukan Zurmi da Shinkafi kuwa, haraji ya dawo ta wata ƙofa: 'yan bindiga ne ke ɗora wa manoma kuɗi kafin su bar su su yi shuka ko girbi. Don haka abin da talakan yankin ke nema a wurin gwamnati ya wuce buhun shinkafar rabo. Yana son hanyar da zai bi lafiya zuwa gonarsa da kasuwar Shinkafi, ya ciyar da kansa. Sanin cewa wannan haƙƙinsa ne, ba alfarma ba, shi ne gadon da Malam ya bar masa.