Mawaƙin Da Bai Ɓoye Tarinsa Ba

Yau labarin wani mawaƙi na kawo muku, mutumin ƙasar Amurka, wanda ya rasu tun cikin 1933. Na san wata za ta ce ina ruwanmu da mawaƙin Turawa, balle wanda ƙasa ta daɗe da rufe idonsa. Ku dai yi haƙuri ku biyo ni, domin cutar da ta kashe shi tana nan cikin unguwanninmu har gobe. Ita ce tarin fuka, wanda ma'aikatan asibiti suke kira tibi.

Sunansa Jimmie Rodgers, ana faɗinsa Jimi Rojas. An haife shi ran 8 ga watan Satumba 1897, a yankin garin Meridian cikin jihar Misisifi, can kudancin Amurka. Ubansa helman leburorin reluwe ne, masu gyaran hanyar jirgin ƙasa. Uwarsa ta rasu bai wuce shekara shida ba, ya tashi maraya, yau yana gidan wannan dangi gobe yana gidan wancan. Wadda ta fi riƙe shi ita ce wata innarsa mai suna Dora, wadda ta yi ilmin kiɗa da waƙa, kuma a hannunta ya fara jin daɗinsu. Yana ɗan shekara 13 ya ci gasar waƙa a garinsu, har ya gudu ya bi masu wasa suna yawo gari gari. Ubansa ya bi sawu ya komo da shi, daga baya ya sa shi aikin reluwe.

Aikinsa na fari shi ne kai wa leburori ruwan sha. Yawancinsu baƙar fata ne, suna aiki suna waƙa, kamar yadda mata suke yi wajen daka ko niƙa. A wurinsu ya ɗauki salon waƙar baƙin ciki da ake kira bulus, ya kuma ƙara gwanancewa da jita. Da ya girma sai ya zama mai ɗaure birkin jirgi. Aiki ne mai wuya, ana hawa kan taragu cikin ruwa da sanyi da hayaƙin kwal.

Cikin 1920 ya auri Carrie Williamson, 'yar wani limamin coci. Suka haifi 'ya mace, Anita, a 1921. Ta biyun, June, ta rasu tana jaririya a ƙarshen 1923, alhali uban yana can wani wuri wajen neman abinci. Ba su gama share hawaye ba, cikin 1924, sai tari ya kama shi har yana tofar da jini. Likita ya duba ya ce tarin fuka ne. Shekarunsa 27 a lokacin.

To, a zamanin nan wanda aka gaya wa haka, kamar an yanke masa likkafani ne. Tun 1882 wani likitan Jamus, Robert Koch, ya gano ƙwayar da take kawo cutar, amma ba a sami maganin kashe ta ba. Abin da likita yake iya cewa kawai shi ne a kwanta a huta wata da watanni, a ci abinci mai kyau, a sha iska mai tsabta. Akwai gidajen jiyya musamman na masu wannan tari, nesa da gari, inda mutum yakan shekara bai ga 'ya'yansa ba. Mutane suna gudun mai cutar, yakan rasa aikinsa, saboda haka da yawa sukan ɓoye har sai ta kā da su.

Jimi ya yi ta ƙoƙarin komawa reluwe, amma ƙirji ya ƙi. Ya kwashi iyalinsa zuwa Arizona, inda iska take a bushe, sa'an nan a 1927 suka koma Asheville, gari mai tuddai inda masu irin ciwonsa suke zuwa jiyya. Ba aiki tsayayye, ba gidan kansu. Ku dubi halin da Carrie ta shiga, ga miji ba lafiya, ga yarinya ƙarama, ga kuɗin haya. Ba ta yi yaji ba, ba ta tafi gidan ubanta ba. Duk inda ya sa ƙafa tana biye, har ta kama aikin kai abinci a wani gidan cin abinci don a sami na cefane.

A ƙarshen watan Yuli 1927 aka ji labari wani wakilin kamfanin faifai na Victor, mai suna Ralph Peer, ya sauka garin Bristol yana neman mawaƙan karkara. Jimi ya je, ran 4 ga watan Agusta aka ɗauki waƙoƙinsa biyu, aka ba shi dala 100. A watan Nuwamba ya sake kai kansa kamfanin, ya yi waƙar da ake kira Blue Yodel. A cikinta yakan karya murya daga ƙasa ta haura sama farat ɗaya, wani abu mai kama da guɗa amma a hankali. Faifan ya yi kasuwa, aka sayar da dubban ɗaruruwa. Mutumin da reluwe ta sallama saboda tari sai ga muryarsa tana tashi daga garmaho a gidajen manoma da leburori ko'ina cikin ƙasar.

Akwai wata mace kuma a bayan wannan nasara, watau Elsie McWilliams, 'yar'uwar matarsa. Jimi bai iya karanta rubutun kiɗa ba, ita kuwa ta iya. Ita ta tsara masa, ko suka tsara tare, waƙoƙi kusan 40. Kun ji amfanin ilmin 'ya mace.

Kuɗi ya shigo. A 1929 ya gina katafaren gida a Kerrville ta jihar Tekzas, garin da shi ma masu tarin fuka suke zuwa saboda iskarsa. A 1930 ya yi faifai tare da shahararren mabushin nan baƙar fata, Louis Armstrong, da matarsa Lil mai kaɗa piyano, a zamanin da ake tsananin wariyar launin fata. A farkon 1931, sa'ad da fari da yunwa suka addabi kudancin Amurka, ya bi ɗan wasan barkwanci Will Rogers suna wasa gari gari, suka tara wa ƙungiyar Red Cross sama da dala 200,000 don ciyar da mabukata. Duk wannan yana yi ne da huhun da yake ruɓewa.

Amma abin da ya sa na kawo muku labarinsa shi ne abin da ya yi cikin watan Janairu 1931. Ya shiga ɗakin ɗaukar faifai a San Antonio ya yi waƙa sukutum a kan cutarsa, ya sa mata suna T.B. Blues. Bai yi habaici ba, bai ce sanyi ne ko aikin maƙiya ba. Ya kira cutar da sunanta, ya faɗi yadda take cin jiki, ya kuma nuna ya san inda za ta kai shi. A 1932 ya ƙara yin wata, wadda take ƙarfafa wa mai ciwon zuciya kada ya sallama. Ku tuna dubban mutane ne suke kwance a gidajen jiyya, wasu dangi sun daina ambaton sunansu. Sai ga wanda ƙasa duka take sauraro ya fito ya ce shi ma ɗayansu ne. Bai kafa ƙungiya ba, bai hau mumbari ba, amma ya rage musu kunyar da aka ɗora musu a kan abin da ba laifinsu ba ne.

Ba zan ɓoye muku aibinsa ba. Jimi ba ya jin maganar likita. An ce ya kwanta ya huta, shi kuwa sai yawon wasa, ga almubazzaranci da kuɗi. Da tattalin arzikin Amurka ya karye, cinikin faifai ya faɗi, dole ya rabu da gidan nan na Kerrville suka koma San Antonio. Jiki ya yi ta ƙarewa.

A watan Mayu 1933, ya san kwanansa ya ƙare, ya tafi Niyu Yok tare da nas mai jiyyarsa, don ya yi waƙoƙin da za su bar wa matarsa da 'yarsa abin hannu. Aka fara ɗauka ran 17 ga wata. A zaune yake waƙar, aka kuma ajiye masa ɗan gado a wurin, in ya yi ɗaya sai ya kwanta ya mai da numfashi kafin ya tashi ya yi ta gaba. Haka ya yi waƙa 12, ya gama ran 24. Ran 26 ga Mayu jini ya ɓalle masa a masaukinsa, ya cika yana da shekara 35. Jirgin ƙasa ne ya kai gawarsa Meridian, direban yana ta busa usur a hankali don ban kwana da tsohon abokin aiki.

Cikin shekara shida kacal ya bar waƙoƙi fiye da 100. Ana kiransa uban kiɗan karkara na Amurka, kuma a 1961 yana cikin mutum uku na farko da aka sa a zauren tunawa da gwanayen wannan kiɗa a Nashville. Faifansa ya ƙetaro har Afirka. A 1950 an ɗauki 'yan matan ƙabilar Kipsigis ta ƙasar Kenya suna wata waƙa mai suna Chemirocha, watau yadda bakinsu ya iya faɗin sunansa. Carrie kuwa ta rubuta littafin rayuwarsa a 1935, ta rayu har 1961.

Yanzu ku lura da wannan. Shekara goma bayan rasuwarsa, a 1943, aka gano maganin farko mai kashe ƙwayar tarin fuka, wanda ake kira siteraftomaisin, aka fara ba marasa lafiya a 1944. Wasu magungunan suka biyo baya. Yau ana warkewa sarai, galibi cikin wata shida: wata biyu ana shan magani iri huɗu, wata huɗu ana shan iri biyu. A Nijeriya gwajin kaki da maganin duka kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka ware don haka. Duk da haka, ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a 2023 mutum kusan miliyan 11 suka kamu, fiye da miliyan ɗaya suka mutu, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da abin ya fi yawa.

Me ya kawo haka, ga magani a ƙasa? Babban dalili ɗaya shi ne ɓoyo. Uwa ta ji 'yarta tana tari, sai ta yi shiru don kada manema su gudu. Matar aure tana rama tana gumin dare, sai ta danne don tsoron gorin kishiya ko dangin miji. A yi ta jiƙo da turare, alhali ƙwayar tana bin iska daga tari da atishawa, tana kama yaran da suke kwana ɗaki ɗaya da ita. Tarin fuka ba gado ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma alamar ƙazanta ba ce. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Saboda haka, duk wadda tarinta ya kai mako biyu, ko na mijinta, ko na ɗanta, balle in da zazzaɓin yamma, da gumin dare, da rama, ko jini cikin kaki, to a tafi asibiti a yi gwaji. In an ba da magani a shanye shi har ranar da likita ya ce a daina, ko da an ji sauƙi tun watan fari, domin yankewa a tsakiya shi yake sa ƙwayar ta taurare ta daina jin magani. A riƙa buɗe taga, mai tari ya rufe bakinsa, a kuma kai jarirai a yi musu allurar BCG da zarar an haife su. Ku kuma 'yan makaranta, in wata a ajinku ta kamu, kada ku tsangwame ta. In ta yi 'yan makonni tana shan magani daidai, yawanci ba ta ƙara sa wa kowa.

Jimi ya faɗi sunan cutarsa a lokacin da faɗin ba ya kawo magani. Mu da aka kawo mana maganin har ƙofar gida, ba mu da hujjar yin shiru. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jiyyarsu da alheri, amin. Sai mun sadu a mako mai zuwa.