Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Mai Wurno

'Yan'uwa, duk wanda ya ga fadamun Wurno cike da shinkafa da albasa, to ya tuna da Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu. Ya zama Sarkin Musulmi a 1817. Malami ne marubuci, amma bai tsaya kan littafi kaɗai ba. Ya kafa garuruwan ribaɗi don tsaro, ya zaunar da makiyaya su yi noma, 'ya'yansu su samu karatu. Shi kansa a ribaɗin Wurno ya tare, can ya rasu a 1837, can kabarinsa yake.

Yau fa? Rashin tsaro ya mayar da ƙauyuka kufai, gonaki sun koma saura. Shugabanni, wallahi za a tambaye ku wannan amana.

Allah Ya jiƙan Bello, amin.